KIWON KARYA MAI JEGO DA 'YA'YANTA

Darasi domin Hakimai da Malamansu na Ƙasar Yawuri

1. DALILIN WANNAN DARASI

Ƙasar Sarkin Yawuri ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku na Jihar Kebbi, watau Yawuri da Ngaski da Shanga. Kogin Kwara ya ratsa ta. A cikin shekarar 1968 aka gama madatsar ruwa ta Kainji, ruwa ya taru ya zama babban tafki, har aka ta da mutum kimanin 44,000 daga tsibirai da bakin kogi, na ɓangaren Yawuri da na Borgu, aka sake musu mazauni. A cikin waɗannan garuruwa, sababbi da tsofaffi, da wuya a sami wanda babu kare a cikinsa. Manomi yana ajiye shi domin korar birai daga gona, masunci domin tsaron kifin da ya banda, Bafillace domin gadin ruga, maharbi kuwa domin farauta.

Duk da haka ba safai ake kawo maganar kare gaban hakimi ba sai ran da ya ciji mutum. A wannan rana kuwa sau da yawa an riga an makara. Karen da ya yi cizo bana, bara ko bariya kwikwiyo ne a gindin rumbun wani, ba wanda ya ƙidaya shi, ba wanda ya yi masa allura. Saboda haka wurin da ya kamata hukuma ta fara sa ido shi ne wurin da karya ta haihu. A nan ne yawan karnukan gari yake ƙaruwa, a nan ne kuma ake iya tare cuta tun ba ta fita ba.

An shirya wannan darasi domin hakimai da malamansu su san yadda ake kula da karya mai jego da 'ya'yanta, su sanar da dagatai da masu unguwanni, su kuma riƙe lissafin da malamin dabbobi zai yi aiki da shi.

Kada wani ya ga kamar wannan magana ba ta dace da zauren hakimi ba. Shari'a ta halatta ajiye kare domin farauta da tsaron dabbobi da tsaron gona, kuma a mazhabar Imam Malik kare mai rai ba najasa ba ne. Sananne ne a cikin hadisi cewa an gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya ajiye dabba, ciyar da ita da shayar da ita sun hau kansa.

2. KAFIN HAIHUWA

Karya takan yi kwana kimanin 63 da ciki, watau wata biyu da 'yan kwanaki. Tana iya haihuwa tun daga kwana 58, tana kuma iya kaiwa 68. Idan mai ita ya lura da ranar barbara, to, ya san makon da zai sa rai. A cikin mako uku na ƙarshe cikinta yana girma da sauri, nonuwanta su kumbura. A wannan lokaci sai a ƙara mata abinci, a riƙa ba ta kaɗan kaɗan sau uku ko huɗu a rana, a kuma daina fita da ita farauta.

Abu mafi muhimmanci shi ne a shirya mata wuri tun saura kwana goma, domin ta saba da shi. In ba a yi haka ba, ita za ta zaɓa da kanta, kuma sau da yawa takan zaɓi wurin da bai dace ba, kamar ƙarƙashin tsohon kwalekwale da aka kife a bakin ruwa, ko wani rami a gaɓa.

Wannan yana da haɗari musamman a bakin tafkin Kainji. Ruwan tafkin yakan janye tun daga bazara har tsakiyar damina, sa'an nan ya soma hauhawa wajen Agusta da Satumba, sa'ad da ruwan saman ƙasashen kusa ya iso. Daga baya, cikin hunturu, wani ruwan kuma yakan iso daga duwatsun ƙasar Gini. Tsakanin cikar tafkin da janyewarsa akwai kimanin mita 10. Wurin da yake busasshe yau, bayan mako biyu yana iya zama cikin ruwa. Ban da wannan, a gaɓa ne tsari da macizai suke yawo, shirwa kuma tana shawagi.

Wurin da ya dace shi ne cikin gida, a kan tudu, inda akwai inuwa da rufi, nesa da hanyar da yara da awaki suke bi. A kewaye shi da zana domin tare iska. A shimfiɗa tsohon buhu ko busasshiyar ciyawa, a sa bulo ko itace a bakin wurin yadda uwa za ta iya tsallakawa, 'ya'ya kuwa ba za su mirgino waje ba. A zagaye wurin da toka saboda kwarkwasa, gama tana iya kashe jarirai duka a dare ɗaya.

3. RANAR HAIHUWA

Idan haihuwa ta matso, karya takan ƙi abinci, ta riƙa haki, tana tonon shimfiɗa, tana kai da kawowa. Wannan yana iya ɗaukar sa'a 6 zuwa 12, wani lokaci ya fi haka. Inda akwai ma'aunin zafin jiki, za a ga zafinta ya sauko daga digiri 38 da ɗoriya zuwa wajen 37 kamar kwana ɗaya kafin naƙuda.

Yawancin karnukan ƙauye suna haihuwa ba tare da taimakon kowa ba. Abin da ake bukata shi ne a bar ta ta sami natsuwa. Mutum ɗaya wanda ta saba da shi ya isa ya riƙa leƙawa. Taron yara yana firgita ta, har ta tsai da naƙuda ko ta kwashe 'ya'yan ta kai daji.

Kowane kwikwiyo yana fitowa cikin wani tantani mai ruwa. Uwa ce take yage shi, ta cije cibiya, ta lashe ɗan har ya yi kuka. Mabiyiya takan biyo bayan kowane ɗa, uwa kuwa takan cinye ta, wannan ba laifi ba ne. Tsakanin ɗa da ɗa akan yi rabin sa'a zuwa sa'a guda, wani lokaci uwa ta huta har sa'a biyu. Fitowar ɗa da ƙafafun baya ba abin tsoro ba ne a wurin karnuka.

Idan uwa ta ƙyale wani ɗa cikin tantaninsa, sai mai ita ya wanke hannu, ya yage tantanin daga fuska, ya share hanci da baki, ya goge jikin da ƙyalle mai tsabta da ɗan ƙarfi har ɗan ya numfasa. Ya ɗaure cibiya da zare mai tsabta, ya bar kamar faɗin yatsa biyu daga ciki, ya yanke da sabuwar reza ta bayan ɗaurin.

Ga alamun da suke nuna lalle a nemi malamin dabbobi nan da nan:

(a) Karya ta yi rabin sa'a tana yunƙuri mai ƙarfi, ɗa bai fito ba.
(b) An wuce sa'a huɗu bayan fitowar wani ɗa, alhali ana ganin akwai saura a ciki.
(c) Koren ruwa ya fito tun ba a haifi ɗan fari ba.
(d) Jini yana zuba da yawa, ko ruwa mai wari.
(e) Ciki ya wuce kwana 70.

Kada a ja ɗa da ƙarfi, kada a danna cikin uwa, kada kuma a ɗura mata jiƙo ko maganin mutane.

4. MAKO BIYU NA FARKO

Akan haifi kwikwiyo ido a rufe, kunne a toshe. Idanu sukan buɗe tsakanin kwana 10 da 14, kada kowa ya buɗe su da hannu. A cikin waɗannan kwanaki abu uku ne suke riƙe da ransa: dakashi, da ɗumi, da lasar uwa.

Dakashi shi ne nonon farko. A cikinsa uwa take ba ɗanta kariyar da jikinta yake da ita daga cututtuka. Hanjin jariri yana karɓar wannan kariya a cikin kwana ɗaya na farko kaɗai, bayan haka ƙofa ta rufe. Don haka a tabbata kowane ɗa ya kama nono tun a sa'o'in farko. Wanda 'yan'uwansa suka ture saboda ƙanƙanta, a ɗauke shi a sa shi a nonon baya, gama su ne suka fi ruwa.

Game da ɗumi, jaririn kare ba ya iya riƙe zafin jikinsa da kansa. A makon farko yana bukatar wurin kwanciyarsa ya kai digiri 29 zuwa 32. A watannin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyin asuba a bakin ruwa yana kashe su da yawa. Idan 'ya'ya suka cure wuri ɗaya suna kuka, sanyi suke ji. Sai a ƙara shimfiɗa, a toshe kafar iska, a naɗe kwalbar ruwan ɗumi da tsumma a ajiye kusa da su. Ɗan da jikinsa ya yi sanyi, a fara ɗumama shi a hankali kafin a ba shi abin sha, domin cikinsa ba ya narkar da kome sai ya yi ɗumi. A bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, haɗarin na zafi ne. Idan suka warwatse suna buɗe baki, sai a ƙara inuwa, a bar iska ta shiga. Ƙarƙashin kwanon rufi da tsakar rana ba wurin jarirai ba ne.

Game da lasa, kwikwiyo ba ya iya fitsari ko kashi sai uwa ta lashe masa ƙasan ciki, har ya kai kamar mako uku.

Ɗan da yake lafiya yana shan nono ya yi barci, cikinsa a cike, nauyinsa yana ninkawa a cikin kwana goma. Wanda yake ta kuka, ko ya ware gefe ɗaya, ko jikinsa ya saki, yana bukatar taimako a ranar.

Idan uwa ta mutu, abin da ya fi shi ne a nemi wata karya mai jego a unguwa, a goga wa marayun shimfiɗarta domin su ɗauki ƙanshinta, a sa mata su ana lura. In ba a samu ba, sai a tafasa madarar akuya, a bar ta ta huce, a kaɗa gwaiduwar ƙwai a ciki, a riƙa ba su kowace sa'a biyu ko uku, dare da rana. Madarar saniya zalla ba ta ishe su, tana kuma sa su zawo. A kwantar da ɗan a kan cikinsa sa'ad da yake sha, kada a rungume shi a rigingine kamar jaririn mutum, domin madara tana iya shiga huhu. Bayan kowane sha a shafa masa ƙasan ciki da tsumma mai ɗumi a madadin lasar uwa.

5. ABINCIN UWA

Karya mai shayarwa tana bukatar abinci ninki biyu ko uku na abin da ta saba ci, musamman a mako na uku da na huɗu. Ƙanzo da ragowar tuwo kaɗai ba za su ishe ta ba. Idan yunwa ta dame ta, takan bar 'ya'ya ta tafi juji ko mahauta, can kuwa take haɗuwa da baƙin karnuka, ta yi faɗa, ta kwaso cuta ta kawo gida.

A ƙasar Yawuri abincin da ya dace ba shi da wuyar samu. Tuwon dawa ko na gero ko shinkafa, a haɗa da dafaffen kifi ko garin busassun ƙananan kifi, da dafaffen wake, da ɗan man ja ko man gyaɗa, ya wadatar. A cire manyan ƙayoyi. A ajiye mata ruwa mai tsabta kusa da ita dare da rana, gama nono ruwa ne.

Akwai abubuwa biyu da ya wajaba a yi wa mutanen wannan ƙasa gargaɗi a kansu.

Na fari shi ne albasa. An san ƙasar Yawuri da noman albasa, tana kuwa cikin kowace miya. Amma albasa guba ce ga kare, ɗanya ko dafaffiya, har da lawashi da gabu, haka kuma tafarnuwa. Tana farfasa ƙwayoyin jininsa, ya yi rauni, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi ja. A ɗebi rabon karya tun ba a zuba miya ba.

Na biyu shi ne ɗanyen kayan cikin kifi da ake zubarwa a bakin ruwa. A watan Disamba na 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijeriya ta rabu da kurkunu. Amma a ƙasar Chadi, daga shekarar 2012, an ga kurkunu yana fitowa a jikin karnukan masunta na bakin Kogin Shari, har a 2016 aka ƙidaya karnuka fiye da 1,000 masu ɗauke da shi. Masana suna ganin ɗanyen hanjin kifi yana cikin hanyoyin da karnuka suke kamuwa. Zaman masuntan Shari da na Kainji iri ɗaya ne, masunta kuma matafiya ne. Saboda haka a riƙa binne kayan cikin kifi, ko a dafa su sosai kafin a ba kare. Wanda ya ga farar tsutsa doguwa kamar zare tana fitowa daga ƙafar kare, ya ɗaure shi kada ya shiga ruwa, ya kai rahoto a ranar.

6. CUTUTTUKAN JEGO DA NA JARIRAI

Cuta biyu ce ta fi kama uwa. Ɗaya ita ce ciwon nono: nono ya kumbura, ya yi tauri da zafi, uwa ta hana 'ya'ya sha. Ɗayar kuwa ta ƙarancin sinadarin ƙashi ce a cikin jini, takan zo a makonnin farko ga mai 'ya'ya da yawa: uwa ta kama haki da makyarkyata, ƙafafu su sandare, ta fāɗi. Wannan tana kisa cikin 'yan sa'o'i, amma allurar likitan dabbobi tana warkar da ita da sauri. A janye 'ya'yan daga nono kafin a isa wurinsa.

Ga jarirai, tsutsar ciki ita ce ta farko. Wata iri tana shiga jikinsu tun suna cikin mahaifa, wata kuma ta cikin nono. Alamarta katon ciki da rama da farin dasashi. Akan fara ba su magani suna da mako biyu, a maimaita kowane mako biyu har su kai wata uku, a ba uwa tare da su. Ƙwan wannan tsutsa yana fita cikin kashi, yana kuwa iya cutar da yaran da suke wasa da ƙasa. A kwashe kashin kullum a binne, yara su wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa kwikwiyo.

Akwai kuma wani ƙuda da yake yin ƙwai a cikin yashin da fitsari ya jiƙa a inuwa. Tsutsarsa takan huda fata ta zauna, wurin ya tashi kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya. A shafa man shafawa mai kauri a bakin ramin, tsutsa za ta leƙo, sai a matse ta a hankali ta fito ɗungum, a wanke wurin. Maganin abin shi ne canja shimfiɗa da share wurin kwana.

Kaska da ƙuma suna shan jinin jarirai har su kashe su. A cire kaska da hannu, a ƙone tsohuwar shimfiɗa. Kada a kuskura a shafa musu maganin feshin gona, ko na wankan shanu, ko kananzir. Haka nan ƙwayoyin ciwon kai da na ciwon jiki na mutane suna kashe kare.

Wata cuta mai amai da zawon jini ta bayyana a duniya a cikin 1978, tana kashe 'yan kwikwiyo ƙwarai. Allurar rigakafinta akan fara ta suna da mako 6 zuwa 8, a maimaita kowane mako uku ko huɗu har su kai wata huɗu.

7. YAYE DA RABAWA

Idan 'ya'ya suka kai mako uku zuwa huɗu, sai a fara ba su kunu mai kauri da garin kifi a cikin kasko marar zurfi. A riƙa ƙara kauri a hankali. Wajen mako bakwai sun daina dogara da nono. Kada a raba su da uwa sai sun cika mako takwas, domin a wannan lokaci suke koyon zama da 'yan'uwansu da mutane. Wanda aka raba da wuri yakan tashi da tsoro, kare mai tsoro kuwa shi ne mai saurin cizo. Masu iya magana sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana, amma sai an raine shi.

Kowane ɗa a san gidan da za shi tun kafin yaye. Zubar da 'yan kwikwiyo a kasuwa, ko a bakin hanya, ko a wani gungu, zalunci ne, kuma waɗanda suka rayu su ne suke zama karnukan da ba su da mai su. Wanda ba ya son karyarsa ta sake haihuwa, ya tsare ta a gida mako uku na lokacin barbara, ko ya kai ta likitan dabbobi ya cire mata mahaifa.

8. HAUKAN KARE

Wannan ita ce babbar maganar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare yana kashe mutum kimanin 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya. Cikin kowane goma, huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duk wanda ya kamu, daga kare ya samu. Idan alamun cutar suka bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tsira. Amma kafin su bayyana ana iya tare ta sarai, tun daga 1885 da Louis Pasteur na ƙasar Faransa ya fara yi wa wani yaro allurarta ya tsira.

Mutane da yawa suna tsammani ɗan kwikwiyo ba ya ɗauke da hauka. Wannan kuskure ne. Yana kamuwa idan wani kare ya cije shi, ko uwarsa idan ta kamu, yara kuwa su ne masu wasa da shi. Kuma ba kowane mahaukacin kare ne yake faɗa ba. Wani yakan yi shiru, muƙamuƙinsa ya saki, miyau yana zuba, har a zaci ƙashi ne ya maƙale masa. Kada kowa ya sa hannu a bakin irin wannan kare.

Idan kare ya ciji mutum, ko ya yakushe shi, ko ya lashi gyambonsa:

(a) A wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15.
(b) Kada a ɗinke, kada a sa barkono ko toka ko gashin karen.
(c) A kai mutumin babban asibiti, kamar na Yelwa, a ranar, ya karɓi alluran duka har ƙarshe.
(d) A ɗaure karen kwana 10, ana ba shi ci da sha, ana lura da shi. Amma kada a jira cikar kwanakin kafin a fara allura.
(e) Idan karen ya mutu, kada a feɗe shi, a kira malamin dabbobi.

Karya mai jego takan yi cizo don kāre 'ya'yanta ko da lafiyarta ƙalau. Duk da haka a bi waɗannan ƙa'idodi, likita ne zai yanke hukunci.

Akan yi wa kwikwiyo allurar hauka yana da wata uku, a sabunta kowace shekara. Amma idan masu allura suka zo gari, a fito da dukan karnuka, har da jarirai da masu jego. A Nijeriya ana yin wannan allura a cibiyar binciken dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, wadda take can tun 1924. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan cuta a duniya, burin da ƙasashe suka sa a gaba kuwa shi ne kada ta sake kashe mutum ta hanyar kare daga 2030.

9. AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa karnuka 70 cikin kowane 100 allura, aka dawwama a kan haka, cutar takan yanke a wannan ƙasa. Kashe karnuka barkatai ba ya kawar da ita, gama ana kashe har waɗanda aka yi wa allura, mutane kuma su kawo sababbi. Guba kuwa tana kashe ungulu da kaji, tana kuma iya kaiwa ga yara.

Ga misali da zai nuna dalilin ƙidayar haihuwa. A ce wata tunga tana da karnuka 60, aka yi wa 42 allura. Wannan kashi 70 ke nan cikin 100. Bayan wata shida karya goma suka haihu, kowacce ta raini huɗu, an sami ƙarin 40. A cikin waɗanda aka yi wa allura goma suka mutu ko aka tafi da su. Yanzu karnukan tungar 90 ne, masu allura 32 kaɗai, watau kashi ɗaya cikin uku da ɗan ɗori. Garin da yake tsammani yana cikin aminci ya riga ya koma cikin haɗari, ba kuwa wanda zai sani sai mai lissafi.

Saboda haka ana fata kowane malamin hakimi zai buɗe littafi, ya ja layuka kamar haka: sunan ƙauye ko tunga ko ruga, sunan mai karya, ranar haihuwa, yawan 'ya'yan da aka haifa, yawan waɗanda suka kai yaye, gidan da kowane ya tafi, ranar allurar uwa, ranar allurar 'ya'ya. A wani shafi dabam a rubuta kowane cizo, da ranarsa, da inda aka kai mutumin, da abin da ya sami karen bayan kwana goma.

Mai unguwa shi zai gaya wa dagaci, dagaci ya aiko wa hakimi a ƙarshen kowane wata, ko da babu abin da ya faru. Malami ya ƙidaya wata uku daga ranar haihuwa, ya aika wa ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma jerin waɗanda suka isa allura. Kada a manta da tsibirai da sansanin masunta na rani, domin su ne masu allura suka fi tsallakewa. A kuma roƙi sarakunan ruwa da masu jiragen fito su riƙa tambayar takardar allura kafin su ƙetare da kare tsakanin gaɓar Kebbi da ta Neja. Kada a haɗa wannan littafi da wani kuɗi ko tara, domin in mutane suka zaci haraji ne za su ɓoye karnukansu.

10. TAMBAYOYI DOMIN MALAMAI

(1) Kwana nawa karya take yi da ciki?
(2) Me ya sa bai kamata ta haihu a bakin tafki ba?
(3) Waɗanne abubuwa uku ne suke riƙe da ran kwikwiyo a makon farko?
(4) Wane abinci ne na wannan ƙasa yake guba ga kare?
(5) Mene ne abu na farko da za a yi wa wanda kare ya ciza?
(6) Ƙauye yana da karnuka 80. Nawa ne za a yi wa allura kafin a kai kashi 70 cikin 100?

Ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan darasi a taron dagatai, a kuma yi shelarsa a ranakun kasuwa.